ITACEN ASALI A BANGON ZAURE: WA ZA A RUBUTA, WA ZA A BARI?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)

 



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wata al'ada da ta fara shiga gidajen mutanenmu mazauna birni, wato zana itacen asali. Mutum zai tattara sunayen iyaye da kakanni ya kai wa mai zane, ko mai aikin kwamfuta, a zana masa itace mai saiwa da gindi da rassa, a jera sunayen a kai, a sa masa gilashi a rataye a falo. Wasu kuma bugawa suke yi kamar kalanda su raba a wajen biki. Ina goyon bayan wannan aiki, kuma ina ganin babu mutanen da suka fi mu bukatarsa a yau. Sai dai na ga kaɗan daga cikin waɗanda aka zana, kuma abin da na gani shi ya sa na karɓi wannan gayyata da hannu biyu.

Bari in fara kawar da shakkar da na san tana zukatan wasu. Malamai sun yi bayani cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma labarin yana cikin Buhari da Muslim. Haka nan Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya kwaɗaitar da mu sanin nasaba gwargwadon abin da za mu sadar da zumunci da shi. Larabawa sun daɗe suna rubuta nasaba a siffar itace. A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne: zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun kiyaye salsalarsu har zuwa Musa Jokollo wanda ya taso daga Futa Toro, kuma Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya yi rubuce-rubuce masu yawa a wannan fanni. Abin da addini ya hana shi ne alfahari da asali, da jingina kai ga uban da ba naka ba. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Gidajen sarauta ba su da matsala. Duk ɗan makaranta zai iya gaya muku cewa Ummarun Dallaje ne ya kafa mulkin Dallazawa a Katsina bayan jihadi, cewa sarakunan Haɓe sun koma Maraɗi inda har yau ake kiran sarkinsu Sarkin Katsina, cewa Muhammadu Dikko ya hau a 1906, Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir a 1981, Abdulmumini Kabir a 2008. Gidan Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da gidan Kogo da sauran hakimanmu suna da masu kiyaye musu jerin sunaye, ga maroƙa da makaɗa suna tuna musu a kowace salla. Talaka fa? Manomi da maƙeri da makiyayi ba su da maroƙi. Littafinsu shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffi, da maƙabartar gari, da gonar gado, da kufan da ake nuna wa yaro a ce nan kakanka ya fara zama. Waɗannan huɗun kuwa duk sun shiga hatsari.

Ba sai na ba ku labarin abin da ya sami Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun nan ba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, ta kuma ji labarin kisan da aka yi a Kadisau a watan Yuni na wannan shekarar. Abin da duniya ba ta ƙirga ba shi ne ƙauyukan da suka watse a hankali, gida bayan gida. Dattijon da ya san wanda ya haifi wane ya ƙarasa rayuwarsa a ɗakin haya a Funtuwa, babu wanda ya zauna ya tambaye shi. Tsohuwar da ta san duk auratayyar unguwa tana wani kango a Zariya, jikokinta suna ganin surutun tsufa take yi. Yaran da aka haifa a gudun hijira ba su taɓa ganin gonar da za su gada ba. Ran da Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa, kuma muna roƙon Ya kawo, za a koma a tarar da iyakoki sun shafe, shaidu sun mutu, sai rigimar gado a kan gado ta cika kotunan Funtuwa da Faskari. Takarda ɗaya da ta nuna wanda ya haifi wane, da wanda ya riga wani rasuwa, tana iya kashe shari'ar shekara goma. Saboda haka a wajenmu wannan zane ya wuce ado.

To, me na gani a zane-zanen da aka nuna mini?

Abu na farko, maza ne zalla. Daga saiwa har ganye babu sunan mace ko ɗaya, sai ka ce mutanen nan daga ƙasa suka tsiro kamar gwaza. Alhali lissafi a fili yake: kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, sama da su 16. Wanda ya bi layin uba kaɗai, cikin waɗannan 16 mutum ɗaya ya rubuta, ya zubar da 15. Kuma zumuncin Bahaushe, in muna son gaskiya, ta ɗakin uwa ya fi gudana. Kawu da inna da 'ya'yansu su ne mutum yake gudu wurinsu ran da ta ɓaci, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka bar ƙauyukanmu dangin uwa ne suka sauke su. Ku dubi littafin nan na Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa, nan maƙwabtanmu, tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, amma ta zayyana danginta tun daga kakanninta Barebari, da aure-aurensu da ƙaurace-ƙauracensu, har masana a Ingila da Amurka suna karantar da ɗalibai da shi. Irin Baba suna nan a kowane gida namu, ba a dai tambaye su ba ne. Ko mutanen Sin, waɗanda suka fi kowa tsananin bin layin uba, da suka sabunta littafin zuriyar malaminsu Kwanfushiyas a 2009, mai sunaye wajen miliyan 2, sun shigar da mata a karo na farko. Mu da muke da Nana Asma'u a tarihinmu bai kamata a riga mu ba.

Na san za a ce kunya ce, ba a faɗin sunan uwa a bainar jama'a. Na yarda akwai alkunya, kuma ban ce a buga sunan mahaifiyar kowa a kalandar biki ba. A yi guda biyu: na falo, da cikakke wanda za a ajiye a cikin gida. Amma cikakken nan dole a yi shi, domin itacen da masu kwamfuta suke kwafowa daga intanet an tsara shi ne don gidan Bature, miji ɗaya mata ɗaya. Gidanmu ba haka yake ba. Akwai ɗaki huɗu, akwai wadda ta fita wata ta shigo, akwai shaƙiƙai da 'yan uba, akwai agola, akwai ɗan riƙo, akwai auren zumunci wanda yake sa reshe ya koma ya haɗu da reshe. Shawarata ita ce kowane ɗaki a ba shi launinsa, yadda da kallo ɗaya za a san 'yan ɗaki ɗaya. Agola da ɗan riƙo a sa su a inuwar itacen, kusa da wanda ya riƙe su, amma da sunan ubansu na gaskiya. Sa'an nan a ja wani layi na daban tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, domin shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa, kuma matan da suka san wadda ta shayar da wane su ne suke ƙarewa. Yara suna haɗuwa a jami'a, a wajen aiki, a waya, ba su san juna ba. Wannan layi ɗaya yana iya hana ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Kusan kowane itace da na gani saiwarsa ta miƙe ta yi Gabas. Wannan daga Bagadaza, wancan daga Yaman, wani kuma ya wayi gari Sharifi. A tsakanin kakan da aka sani da wannan babban suna kuwa sai ka ga an cike gurbi da Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Muhammadu, sunayen da babu tsohon da ya taɓa jin su. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi bincike mai zurfi a kan ƙasar nan, aka buga shi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina. Ya nuna cewa ƙasar Katsina ta ginu ne da mutane iri-iri masu ƙaura suna shigowa, sana'a da zaman gari suna haɗa su, kuma ya ja kunnen masu ɗaukar labarin Bayajida a matsayin tabbataccen tarihi. Ko Alex Haley, Ba'amurken da ya girgiza duniya a 1976 da littafinsa Roots, inda ya kai asalinsa wani ƙauye a Gambiya, masana sun zo daga baya sun nuna cewa wasu mahaɗan salsalar tasa ba su da hujja. In mai kuɗi da masu bincike ya zame, ina ga wanda ya ba yaron shago dubu biyar ya ce a cike masa?

Yankinmu kuwa, in akwai inda aka cakuɗa, to nan ne. Akwai Katsinawa, akwai Gobirawa da Zamfarawa da suka gangaro daga yamma, akwai Zazzagawa daga kudu, akwai Barebari fatake da malamai, akwai Fulanin gida da na daji, akwai Maguzawa waɗanda sun riga da yawanmu sare dajin nan. Daga baya auduga ta jawo wasu, musamman bayan da Turawa suka kafa gonar irin auduga a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Duk wanda ya bi kakanninsa 16 da gaskiya, da wuya bai tarar da uku ko huɗu daga cikin waɗannan ba. Zai tarar da kaka Bafillatana wadda aka auro daga ruga. Zai tarar da kakan kaka mai suna Nomau ko Tunau ko Ranau wanda bai yi salla ba sai da girma, ko bai yi ba sam, kuma wani reshe na zuriyarsa yau coci yake zuwa. Wani zai tarar da wadda aka kamo a yaƙi, domin bauta ba ta ƙare a dokar Arewa ba sai 1936, kuma sarakuna da yawa 'ya'yan sa-ɗaka ne, babu wanda ya rage musu daraja.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana: a rubuta su. Ban ce a rubuta wa kowa "bawa" ko "arne" a ƙarƙashin sunansa ba, wannan cin mutunci ne, kuma akwai abin da sai an zauna da manyan gida kafin a fitar. A sa suna da garin da aka fito, ya isa. Amma goge mutum daga zuriyar da ya haifa don a samu wurin liƙa wani Balarabe, wannan shi ne jingina kai ga uban da ba naka ba. Inda sani ya tsaya, zane ya tsaya. Saiwa dama a cikin ƙasa take, ba a ganin ƙarshenta, kuma itace mai hawa biyar na gaskiya ya fi mai hawa ashirin na aro amfani a gaban alƙali.

Akwai kuma dalilin da ya sa na nace a kan wannan a yanzu. Fitinar da muke ciki ta sa yaranmu, musamman waɗanda suka tashi a birni suna karanta abin da ake rubutawa a Facebook, sun fara magana kamar Bahaushe da Bafillace wasu halittu ne biyu da ba su taɓa haɗa jini ba. Ɓarayin daji ɓarayi ne, hukuma ta yi maganinsu, kuma ba na neman wa kowa sassauci. Amma yaron da ya tashi yana ganin sunan kakarsa Bafillatana a bangon gidansu, da sanda da ƙwaryar nono a zane kusa da sunan, zai yi wuya wani ya koya masa cewa duk mai wannan jini maƙiyinsa ne. Haka ɗan Fulanin da ya ga kakarsa Bakatsiniya. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suka bar mana wasan taubasantaka, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, kowa ya san inda ya haɗu da wani.

Abu na uku ƙarami ne, amma shi ne ainihin abin da kwamiti ya tambaye ni: yaya za a yi zanen ya yi kama da mu? Itacen da nake gani a falo-falo baƙo ne, irin na ƙasashen sanyi. Muna da kuka da tsamiya da rimi da ɗorawa da kanya. Gidan da aka san shi da wata bishiya a ƙofar gida, a zana ta. Ga wanda ya rasa, ina ba da shawarar ceɗiya, domin reshenta ake sara a kai wani gari a dasa ya kama, kuma haka yawancinku kuka yi. A gefen takarda, maimakon furannin Turawa, a nemi mai zayyanar allo, irin wanda yake ƙawata allon sauka da ja da kore da rawaya, ko a ɗauko dagi da sauran zanen da magina suke yi a fuskar soro. Masu zayyana suna nan a tsangayu, aikin ya yi musu ƙaranci, kuma kuɗin da za a kai wa mai kwamfuta ya fi amfani a hannunsu. Kowane reshe a sa masa alamar sana'arsa: uwar maƙera da zuga-zugi, aska da ƙaho, allo da tawada, garma, kwari da baka, ƙoshiyar masaƙa. Kada ɗan maƙera ya ji kunyar zuga-zugi don ya zama injiniya, ai gado ya bi.

Kada kuma a manta da tsaga. Kafin takarda, fuska ce take ɗauke da asali: Bagobiri da shida da bakwai ɗinsa, Babarbare da nasa dogayen zane, ga bille da kalangu da 'yar baka. Al'adar tana ƙarewa, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana, kuma ban ce a dawo da ita ba. Amma a tambayi wanzamin gida irin askar da ake yi wa zuriyar, a zana ta a kusurwar takarda. Sau da yawa wanzami ya fi mai gida sanin inda aka fito.

Wajen tattara sunaye akwai tarko biyu. Na ɗaya laƙabi. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba ko za a yi yaya, sai a tambayi kishiyarta ko ƙanwar mijin. Mutane da yawa kuma an san su ne da Tanko ko Kande ko Bawa ko Ladi, sunan yanka ya ɓace. A rubuta duka biyun in an samu, domin laƙabin kansa labari ne: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Ladi ran Lahadi ta zo, Dikko kuma ɗan fari ne a gidan Fulani. Sa'an nan makarantar boko ta saba laƙaba wa yaro sunan garinsu a rajista, yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari, don haka mutum goma masu amsa Faskari ko Ƙanƙara a takarda ba lalle su haɗa kaka ba. Tarko na biyu shekaru. Tsofaffi ba su riƙe lamba, amma suna riƙe abin da ya faru. A tambaye su: an haife shi kafin yunwar 'Yar Gusau ta 1942 ko bayanta? Ya yi wayo lokacin rasuwar Sarki Dikko a 1944? Aurenta kafin zuwan Sarauniya ne a 1956, ko bayan kashe Sardauna a 1966? Ga canjin hannu a 1972, canjin kuɗi da fari a 1973, shigar yara makaranta ta UPE a 1976, ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Da waɗannan turaku za a iya ɗaure kusan kowace haihuwa da rasuwa. Inda aka yi kirdado a rubuta "wajen", kada a mai da zato tabbas. Kuma a ɗauki muryar tsohon a waya, da izininsa, domin abin da zai faɗa a gefen magana ya fi jerin sunayen yawa.

Sai gargaɗi, kuma ina roƙon matasa su saurara da kyau. Cikakken itacen asali taswira ce ta wanda yake da wa. In ka sa shi a Facebook ko a zauren WhatsApp, da hotuna da wurin aikin kowa, cewa wane yana babban ofis a Abuja, wance tana Ingila, ga kuma tsohonsu yana ƙauye, to ka yi wa masu kai rahoto aikinsu, ka ma yanka wa tsohon farashi. Rayayyu a sa sunansu kawai, ban da muƙami, ban da lamba, ban da adireshi. Cikakken kuwa ya tsaya a hannun manyan gida.

Game da ajiya, robar da ake buga sanarwar biki a kanta ba ta jure rana, takarda kuma gara da ɗigon ɗaki suna jiranta, balle gobara. A yi kwafi uku a raba a garuruwa uku, a kuma ɗauki hotonsa. Masu son zurfafa bincike su leƙa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi suke, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. A karanta rahotannin Turawan da hankali, domin abin da tafinta ya gaya musu suka rubuta.

Abin da nake roƙon wannan ƙungiya shi ne ta buga takardar tambayoyi mai shafi biyu ta raba wa kowane reshe, ta kuma sa ɗalibanmu na manyan makarantu su zagaya a lokacin hutu, su fara da tsofaffin da suke zaman hijira a Funtuwa da Zariya da Katsina, waɗanda suka haura shekara 80 a gaba, mata kafin maza. Ni da wasu tsofaffin malamai a shirye muke mu zauna mu tsara tambayoyin, mu kuma duba abin da aka tattaro kafin a kai wa mai zane. In shugabanni sun amince, a sa wannan cikin abin da za a yanke shawara a kansa kafin a tashi yau.

 Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.